Gafiya da Gyaɗar Iri

Bazarar bana ta zo da zafin da na daɗe ban ga irinsa ba a Kaduna. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, da azahar kuwa ko a inuwa ka shimfiɗa tabarma sai ka ji ƙasa tana gasa maka baya. Mu nan Unguwar Dosa wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu, famfo kuma yakan yi kwana uku bai ce uffan ba. Da la'asar hadari yakan taso ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Dama tun da na yi ritaya barcina ya ragu, zafin nan kuma ya zo ya kwashe ɗan abin da ya saura.

Abin da nake rage dare da shi wata 'yar kyamara ce da Ummi, 'yata ta fari, ta sa aka ɗaura mana a jikin mangwaron da ke filin baya, bayan an haura katangar maƙwabcinmu an kwance masa batirin mota. Ba ta da wayar lantarki ko ɗaya, ɗan faifan sola ne a kanta, kuma duk abin da ya gifta ta gabanta sai ta turo mini shi cikin wayata, ko da tsakar dare ne, sai dai hoton baƙi da fari. Don ɓarayi aka sa ta. Wata huɗu ɓarawo bai zo ba, Allah ya tsare. Wadda ta fara zuwa bushiya ce. Wajen ƙarfe biyu wayar ta yi ƙara, na zabura na lalubo tabarau, sai ga wata 'yar dunƙulalliyar aba tana tafe da sauri-sauri, ta tsaya ƙarƙashin tankin ruwa tana lasar damshin da ya ɗiga a siminti. Shekara ashirin da shida ina gidan nan ban san muna da bushiya ba.

Da gari ya waye na ɗauko wani tsohon tulu da bakinsa ya ɓalle, na ƙarasa shi ya zama kasko, na binne shi rabi a gindin mangwaro, na cika shi da ruwa, na jefa dutse a ciki don ƙanana su sami abin takawa. Daga nan na yanke cikin wata tsohuwar jarka, na kafe ta a kan katako da ƙusa, ita ce ta zama akushin baƙi. Wata rana in zuba tsaki, wata rana ɓawon kankana, ko ragowar tuwo. Na kuma fafe gora na rataye a reshe saboda masu fiffike. Hauwa, mai ɗakina, tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona.

"Alhaji, sa'o'inka suna can suna gina masallaci, kai kana buɗe wa ɓeraye gidan abinci."

"Ai su ma bayin Allah ne."

"To, Allah ya ba da lada. Amma tulun nan nawa ne, ba a tambaye ni ba."

Ba a yi mako guda ba ita ke tambayata da safe wa ya zo jiya. Ni da na yi shekara talatin da biyar a rajista ina bin sawun fayil, ban sha wuya ba wajen gane lokacin kowa. Jemagu ne ke fara sauka a kan mangwaro da zarar an idar da isha'i. Kwaɗi biyu sun mayar da kaskon gidan ubansu. Bushiya ba ta saɓa ƙarfe biyu. Akwai jaɓa mai 'ya'ya huɗu, kowanne ya kama bayan na gabansa da baki, su wuce a jere. Mujiya ta taɓa zuwa ta zauna a kan katanga, idanunta suna ƙyalli a hoton, Hauwa ta yi a'uziyya ta miƙo mini wayata. In an yi kiran assalatu sai fili ya zama na kurciyoyi. Ƙishirwa ce ta tara su, domin duk unguwar babu wani ruwa a buɗe in ba na kwata ba.

Ranar wata Litinin Hauwa ta ware gyaɗa mai ɓawo da ta fara lalacewa, ta kai cikin kwano guda, ta ce in kai wa mutanena. Na juye ta duka a jarka. Ƙarfe uku da 'yan mintoci wayar ta yi ƙara. Gafiya ce, ƙatuwa, rabin wutsiyarta fari. Na gyara zama ina jiran in ga ta fasa ta ci, amma ko ɗaya ba ta fasa ba. Da hannu biyu take ɗauka tana cusawa a kumatu, ta cusa ta cusa har kanta ya ninka girmansa, sannan ta juya ta bi ta rariya. Can ta dawo baki wayam, ta sake cikawa. Sau bakwai tana wannan zirga-zirga. Ranar na ga inda Bahaushe ya samo gafiya tsira da na bakinki.

Da na dawo masallaci na zarce wurin jarkar. Tas take, kamar an wanke. Na tsuguna na duba ƙarƙashin katako, na duba gindin mangwaro, na bi har bakin rariya, babu ɓawo ko ɗaya. Rana ta fara zafi amma ni sanyi nake ji, domin shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce na mayar da surukata Inna, mahaifiyar Hauwa, ɓarauniya, kuma duk hujjata ita ce ban ga ɓawo ba. Inna tana da rai. Tana Badarawa wurin ɗanta Sani, tun farkon bazarar nan take kwance, kuma masu zuwa dubiya sun fara magana ƙasa-ƙasa.

A wancan lokacin muna Rafin Guza, ni ƙaramin akawu, Hauwa da cikin fari. Unguwar ba ta cushe kamar yanzu ba, gidaje ne tsilla-tsilla da gonaki a tsakaninsu har bakin kogi. Ɗaki biyu na ƙasa muke haya da ɗan zaure. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama fitar da kai ba, ta bushe a tsaye. Kafin bazara ta shigo hatsi ya yi wuyar gani, albashi kuma sai wata ya mutu wani ya yi nisa ba a ji motsinsa ba. Mukan bar biro a kan tebur mu tafi layin shinkafa da sabulu, mu yini a rana, a zo kanmu a ce ya ƙare. Gidaje da yawa suka koma garin rogo da tuwon alabo. Har yau in na ji tsamin alabo a kasuwa sai cikina ya tuna.

Zafin shekarar irin na bana ne, sai dai babu fanka balle ruwan sanyi. Rijiyar unguwa ta ja baya har guga yana fitowa da laka. Duk Asabar mukan taru mu yashe ta, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu a zura shi, mu na sama muna jan bokitin taɓo, da hantsi a sami ruwan da za a raba tulu ɗaya-ɗaya. In mun gama da rijiya sai mu wuce gonaki, domin kusan kowane ma'aikaci ya nemi 'yar gayauna a shekarar. Ni ma wani dattijo ya ara mini fili kusa da kogi. Gayya muke yi, yau a yi sassabe a ta wane, gobe a ƙone a ta wane, hannuwan da suka saba da takarda duk suka yi kanta. Kowa idonsa yana gabas.

Abin da na dogara da shi gyaɗar iri ce da mahaifina ya aiko mini daga gida, cikin masaki guda, wato babbar ƙwarya. Saƙon da ya haɗo da shi gajere ne, ya ce a faɗa mini wanda ya ci iri ya ci baɗi. Na rufe ta da faifai na ɗora a kan benci a ƙaramin ɗaki. Nakan shiga in buɗe in duba ta kawai, in ji hankalina ya kwanta.

Cikin wannan hali aka haifi Ummi. Bisa al'ada Hauwa ce ya kamata ta tafi gida wanka, tunda haihuwar fari ce, amma ƙauyensu da ke ƙasar Katsina yunwar ta fi tamu, babu abin da za a ciyar da mai jego. Sai Inna ta taho da kanta. Na bar musu babban ɗaki na koma zaure da kwana.

Wanda bai zauna gida ɗaya da surukarsa a wancan zamani ba, ba zai gane ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa kallon fuskarta ba. Da safe in cire takalmi in tsuguna a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. In zan shiga tsakar gida sai na yi gyaran murya tun daga zaure don ta sami damar kaucewa. Duk wata magana sai ta bi ta bakin Hauwa. Kwana ashirin da bakwai muka yi a haka, kuma in aka ce in siffanta ta a lokacin, ƙafafunta kawai zan iya faɗa, da faso a dugaduganta.

Tun kafin assalatu take tashi ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro. Daga zaure nake jin hayaƙi da ɗacin ganyen darbejiya, sannan in ji faɗuwar ganyen a jikin Hauwa, ruwa yana tafasa cikin wannan zafin da ko a kwance gumi kake yi. Safe da yamma, ba fashi. Itacen ni nake ɗauko shi a bayan keke in na taso aiki. An yi suna da ɗan akuya, aka yi ƙauri sau ɗaya. Geron kunun kanwa bai kai mako biyu ba ya ƙare, Hauwa ta faɗa mini, na ce a yi haƙuri da abin da ke akwai har a yi albashi. Jaririyar ta yi wasu kwanaki tana kuka dare da rana, wani siririn kuka mai gajiyar da mai ji. Na ce zafi ne. Daga baya kukan ya ragu, na ce ta saba.

Abincina kuwa Inna ke ajiye shi a ƙofar zaure ta ciki, cikin kwano mai murfi, ta yi sallama ta juya kafin in ɗago. Ko tuwon alabo ne, ko na jar masara, kwanon a cike yake zuwa. In dawo daga aiki da gona a gajiye, in ci in sha ruwa in yi hamdala. Har faɗa wa abokan aiki nake yi, mu dai Allah ya rufa mana asiri. Abin da ke cikin tukunya ban sani ba, ba a san namiji da leƙen tukunya ba.

Wata rana na buɗe masakin nan na ga kamar ya sauka. Ni mutum ne mai son hujja, aikin rajista ya koya mini. Na ɗauko gawayi na ja layi a cikin ƙwaryar daidai inda gyaɗar ta tsaya. Bayan kwana uku layin yana sama, gyaɗa tana ƙasa da faɗin yatsa biyu. Na tambayi Hauwa. Tana kallon jaririya ta ce, "Ko ɓera ne, Malam?"

Na duba ƙarƙashin benci, na duba kusurwoyi, na ɗaga tabarma. Babu ɓawo, babu kashin ɓera. Na ce mata, "Ɓera ba ya share wurin da ya ci. Wannan mai hannu ne."

Mu uku ne manya a gidan. Ni ban ɗiba ba, mai jego ba ta fita ɗaki. Zuciyata ta ƙulla mini labari tsaf: ƙauyensu babu iri, tsohuwa tana ɗiba kaɗan-kaɗan tana ƙullewa a ƙunshinta don ta kai wa mijinta. Na kwana biyu ina juya abin, raina yana tafasa, ga shi babu hanyar da suruki zai tsaya ya tambayi surukarsa. Sai na yi abin da na ga manya suna yi in suna son magana ta isa inda ba za su iya kai ta ba. Ranar Alhamis bayan magariba na tsaya a tsakar gida, na fuskanci bango, na ɗaga murya.

"Gobe in an sauko Juma'a zan je wurin liman a yi wa gyaɗar nan Yasin. Duk wanda ya ci, shi da Allah."

'Yan yanzu ba su san nauyin wannan magana ba. A lokacin in aka ce za a yi Yasin a kan kaya, kowa ya yarda wanda ya ci ba zai wanye lafiya ba, ko ciki ya kumbura ko hankali ya taɓu. Ɗakin ya yi tsit. Ko jaririyar ba ta motsa ba.

Da asuba ban ji hayaƙi ba. Na ji dai an zare sakatar zaure a hankali, aka wuce ta gefen ƙafafuna, na yi kamar barci nake. Da na leƙa ta ƙofa sai na hango bayanta, ƙunshi a ka, ta nufi hanyar tashar Kawo a ƙasa. Saura kwana goma sha uku a gama wanka. Ban je wurin liman ba, na ce mai abu ya nuna kansa. Na juye sauran gyaɗar a garwa mai murfi na kawo ta zaure wajen kaina, ba ta sake raguwa ba. Wata maƙwabciya ce ta ƙarasa wa Hauwa wankan. Hauwa ta yi kwana biyu fuskarta a bango, daga nan ta tashi ta ci gaba da hidimarta, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Ruwan farko ya sauka bayan mako biyu, da la'asar. Iska ta fara ɗaga rufin wani maƙwabci, sannan aka tsuge. Mata suka fito da duk abin da zai tari ruwa, mu maza muka tsaya a ƙofar gida muna jiƙewa da gangan. Ƙamshin ƙasar nan har yau ban shaƙi mai daɗinsa ba. Washegari babu wanda ya je ofis a unguwar. Muka yi layi a gonata, masu sara suna gaba, masu jefa iri suna biye suna rufewa da diddige, kafin azahar na shuka duk abin da ya rage.

Shekaru suka yi ta tafiya. Muka bar Rafin Guza, na gina nan, aka ƙara haihuwa biyar. Da mijin Inna ya rasu Sani ya ɗauko ta ya dawo da ita Badarawa, tafiyar da ba ta kai minti goma ba daga gidana. Ba ta taɓa tako ƙofata ba. Suna ko biki, sai a ce ƙafa ce ke damunta. Ni kuma duk Sallah ina zuwa in tsuguna a bakin ƙofa, mu gaisa da mutunci, in ajiye abin da na kawo in tashi. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, duk tsawon shekarun nan ni nake ganin kaina mai haƙuri, wai na rufa wa tsohuwa asiri.

Na kalli hoton gafiyar nan ya fi sau ashirin a ranar. Gidanmu na Rafin Guza yana bakin gonaki, ramuka ko'ina, faifai kuma ba abin da zai gagari gafiya turewa ba ne. Da la'asar na kira Hauwa na miƙa mata wayar.

"Dubi nan. Ba ta ci a wurin. Ba ta barin ɓawo."

Ta kalla har ƙarshe, ta ajiye wayar a kan tabarma. Ba ta tambaye ni abin da nake nufi ba.

"Yanzu me kake so ka yi?"

"Badarawa zan je."

"Alhaji, ka bar tsohuwar nan ta huta. Abin da ya wuce ya wuce."

"Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan. Ba zan bari ta tafi da haƙƙinta a wuyana ba."

Ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Ɗakin Inna ƙarami ne, fanka a tsaye saboda babu wuta. Tana kwance a katifa a ƙasa, an ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi, matar Sani tana yi mata fifita. Hauwa ta karɓi maficin, matar ta fita ta ja labule. Na tsuguna a inda na saba, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai na matsa ciki har gefen katifar, inda ban taɓa kaiwa ba. Na ba Hauwa wayar ta nuna mata.

"Idona ba ya gani, Malam," in ji ta. "Hwaɗa mani da baki."

Na faɗa mata komai, kyamara da jarka da gafiya da kumatunta. Sannan na ce, "Inna, gyaɗar nan ta Rafin Guza, gafiya ce ta kwashe. Na zalunce ki, na sa kin bar gidana da sunan da ba naki ba. Don Allah ki yafe mini."

Maficin da ke hannun Hauwa ya tsaya.

Inna ta ce, "Malam, kar ka ɗauki alhakin gahiya. Ba ta ci maka gyaɗa ba. Ni na ɗiba."

"Inna, ki bari," in ji Hauwa.

"Ba ni bari. Kwana nawa ya rage mani?" Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "In ka tahi aiki sai in ɗibi cikin tafi, in ɓare, ɓawon in jefa a wutar wanka, in niƙa a dutse in dama mata kunu. Nono ya ƙahe, Malam. Jinjira ta kwana ukku tana tsotson iska. Na binne ɗiya biyu da irin kukan nan, na san shi."

Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"Da wane baki? In dubi surukina in ce abincin gidanshi bai isa ba? Ita ko ta hana a taɓa kwanonka. Ta ce kana aiki kana noma, in ka faɗi mun faɗi duka."

"To tafiyar fa, Inna? Da kin tsaya."

"Cewa ka yi duk wanda ya ci. Ni ko ƙwara ɗaya ban kai bakina ba. Wadda ta ci tana shayarwa. Na san in na tahi za ka ce ɓarauniya ta gudu, ka bar Yasin ɗin nan. Gara a kira ni ɓarauniya da a karanta ma ɗiyata."

A nan na ɗago na kalli fuskarta, karo na farko tun da nake. Ashe kamar Ummi take, har ɗan tsagin da ke haɓa. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

Ta huta, Hauwa ta ba ta ruwa a cokali. Sai ta ce, "Akwai abin da na daɗe ina son in sani. Gyaɗar da ta rage, ta yi?"

Ba ta yi ba. Bayan ruwan nan na farko sama ta rufe mako uku cur. Gyaɗar ta tsiro, ta yi ganye huɗu, rana ta ƙone ta a kan idona, ko mudu ɗaya ban ɗauka a gonar ba. Na ce, "Ba ta yi ba, Inna. Fari ya cinye ta."

"Allah bai nufa ba," ta ce. "Ni na yahe maka tun mota ba ta bar Kawo ba. Amma na taɓa abin da ba a ba ni ba, shi ya hana ni shiga gidanka. Shekara da shekaru ina son in roƙe ka, kunya ta hana. Ka yahe mani in tahi da sauƙi."

Na zo neman gafara, ga shi ni ake roƙo. Na so in ce babu abin yafewa, amma na ga ba shi take jira ba. Na ce, "Na yafe, Inna, duniya da lahira." Ta ce alhamdulillahi, ta lumshe ido. Muka zauna har aka kira magariba, Hauwa tana yi mata fifita.

Da muka fito hadari ya sake haɗuwa, iska mai ɗumi tana kaɗa ledoji a titi. Na tayar da mota amma ban ja ba. Hauwa tana gefena, hannuwanta a cinya. Mun haura shekara arba'in tare, na san yadda take son shayinta, na san ciwon gwiwarta, amma akwai tambayar da ban taɓa yi mata ba.

"Hauwa, a kwanakin nan, ke da Inna me kuke ci?"

"Ƙanzo. Da abin da ka rage a kwano."

"Ban tuna ina ragewa ba."

Ta gyara mayafinta tana kallon titi.

"Wata rana kakan rage," ta ce.